Ziyarar Heidelberg: yini guda ya isa, ko sai an kwana?

Baban Khadija

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙasar Jamus. In Allah ya yarda zan halarci wani taron aiki a Frankfurt cikin watan Yuni, kuma mai ɗakina za ta raka ni. Bayan an tashi daga taron muna da Asabar da Lahadi kafin jirginmu, sai wani abokin aikina ya ba ni shawarar mu je Heidelberg, garin da ya ce jami'arsa ce mafi daɗewa a ƙasar. Ni malamin makaranta ne, wurin da ilimi ya daɗe yana da girma a idona, amma ba na son mu kashe kuɗi da ƙarfi a kan wurin da sunansa ya fi shi. Abin da nake son sani shi ne ko yini guda ya isa ko sai mun kwana, da abin da ya kamata mu fara da shi, da yadda ake yi da salla da abinci. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, saboda haka duk inda yake da hawa mai yawa a sanar da ni tun yanzu.

Ɗan Zazzau a Jamus

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo ku lafiya. A garin nake karatu, don haka bari in fara da hanya. Daga Frankfurt zuwa Heidelberg tafiyar kimanin awa guda ce a jirgin ƙasa. Sai dai babbar tashar ba a cikin tsohon gari take ba, kuma wanda ya sauka ya ga gine-ginen zamani kewaye da shi yana iya zaton ya yi ɓatan kai. Ku shiga bas ko jirgin cikin gari zuwa dandalin Bismarckplatz, daga nan babban titin da ake kira Hauptstraße ya fara, titin masu tafiya a ƙasa ne mai tsawon kusan kilomita 1.6, ya ratsa tsohon garin har zuwa dandalin kasuwa da babban cocin da ke tsakiyarsa.

Tsohuwar fadar sarakunan yankin tana kan dutse, tana kallon garin da kogin Neckar. Akwai matakala da ake hawa zuwa can, wajen 300, kuma ban ba Hajiya shawarar ta gwada ba. A kusa da dandalin Kornmarkt akwai wani ɗan jirgin ƙasa da ake ja da igiyar ƙarfe yana hawa dutsen, yana aiki tun 1890, cikin 'yan mintoci zai ajiye ku kusa da ƙofar fadar. Tikitin shiga fadar ya haɗa da hawa wannan jirgi zuwa da dawowa. Ku yi sammako, domin da hantsi motocin masu yawon buɗe ido suke fara isowa, filin fadar ya cika maƙil. Ku nemi barandar da ke bayan ginin Friedrich, ɗaya daga cikin gine-ginen fadar, daga nan ake ganin jajayen rufin gidajen garin, da tsohuwar gada, da dutsen da ke ƙetaren kogi.

A ganina yini guda ya ishe ku ganin fada da gada da babban titi, ku koma Frankfurt da dare, musamman da yake masauki a tsohon garin yana da tsada lokacin zafi. Ku zaɓi Asabar, domin ran Lahadi kantuna a Jamus a rufe suke, ko da yake gidajen abinci da gidajen tarihi suna buɗewa.

Malama Uwar Ɗalibai

Ɗana ya yi bayanin hanya yadda ya kamata, amma ban yarda da shi a kan yini guda ba, kuma dalilina yana cikin maganar Malam da kansa. Ya ce darajar ilimi ce ta ja shi. Fada da gada kowa yana ganinsu, a ɗauki hoto a wuce, amma abin da ya riƙe garin nan sama da shekara 600 jami'a ce, ita kuwa ba ta da katanga ko babbar ƙofa da za a nuna wa baƙo a ce ga ta nan. A warwatse take cikin unguwanni, ajin darasi yana jikin kantin burodi, ɗakin karatu yana bayan coci, ɗalibai wajen 30,000 suna cuɗanya da mutanen garin da yawansu yake wajen 160,000. Mai gaggawa zai ratsa ta tsakiyarta bai san ya shiga ba.

Sarki Ruprecht na Farko ne ya kafa ta a 1386, a zamanin da cocin Katolika ya rabu biyu, Fafaroma ɗaya a Roma, ɗaya a Avignon. Malaman Jamus da ke koyarwa a Paris, waɗanda suke bin na Roma, zama ya yi musu wuya a can, kuma ɗaya daga cikinsu, Marsilius von Inghen, shi ya zama shugabanta na farko. Jami'o'in Prague da Vienna sun girme ta, amma a cikin iyakokin Jamus ta yau babu wadda ta riga ta.

Ina roƙon Malam ya shiga babban cocin nan na dandalin kasuwa, Heiliggeistkirche, ya ɗaga kai ya dubi benen da ke gefe biyu na cikinsa. A nan aka ajiye taskar littattafan da ake kira Bibliotheca Palatina, wadda a lokacinta ba ta da na biyu a ƙasashen Jamus. A 1622, cikin Yaƙin Shekara Talatin, sojojin Janar Tilly, kwamandan sarkin Bavaria, suka ci garin, sarkin ya ba Fafaroma littattafan kyauta, a shekarar da ta biyo aka ɗaure su aka tsallaka duwatsun Alps da su zuwa Roma, rubuce-rubucen hannu kimanin 3,500 ban da dubban littattafan ɗab'i. Sai a 1816 aka maido da 847 waɗanda aka rubuta da Jamusanci, sauran suna Vatican har gobe. Abin da jami'ar ta iya yi a zamaninmu shi ne ɗaukar hotonsu shafi bayan shafi ta haɗa su a intanet. Malamin makaranta da ya tsaya a ƙarƙashin wannan bene yana sane da abin da aka kwashe daga kansa ya ga abin da ya fi fadar muhimmanci, a nawa ra'ayin. Daga nan sai ya taka zuwa ɗakin karatun jami'ar da aka gina a 1905, wanda yake riƙe da shahararren kundin waƙoƙin Jamusanci na ƙarni na 14, Codex Manesse. Duk wannan ba ya shiga yini ɗaya tare da fada, balle ga mai ciwon gwiwa.

Injiniya Baban Sadiƙ

Malama, Allah ya ƙara basira. Ni tambayata a kan fadar ce. Na je na gan ta, kuma har yanzu ban gane dalilin da ya sa ƙasa mai arziki da gwanintar gini kamar Jamus ta bar ta kango ba. Akwai bangon da tagoginsa ba komai a bayansu sai sararin sama, akwai wata hasumiya da ta tsage biyu, rabinta ya zame ya kwanta cikin gwalalo, kaurin bangonta ya fi tsawon mota. A matsayina na mai aikin gini, ganin haka yana damuna. Idan wuri yana da daraja a gyara shi ya koma yadda yake, jikoki su ga yadda kakanninsu suka zauna.

Malama Uwar Ɗalibai

Injiniya, wannan tambaya taka Jamusawa da kansu sun yi shekaru suna jayayya a kanta, kuma a kan wannan fada ɗin aka yi jayayyar. Sojojin sarkin Faransa Louis na 14 ne suka ƙona ta a 1689, suka dawo a 1693 suka fasa hasumiyoyinta da albarushi, wadda ka gani a tsage tun ranar take haka. An ɗan gyara wani sashe, sai sarkin yankin ya yi rikici da mutanen garin a kan wancan coci na kasuwa, wanda aka raba da bango tsakanin 'yan Katolika da 'yan Furotesta, ya yi fushi ya mayar da fadarsa Mannheim a 1720. A 1764 aradu ta faɗa wa abin da ya rage, wuta ta ci. Daga nan mutanen gari suka mai da wurin mahaƙar dutse, kowa ya ɗiba ya yi gininsa, har sai da wani Bafaranshe mai zane, Charles de Graimberg, ya zo a 1810 ya tare a ciki yana gadinsa.

A ƙarshen ƙarni na 19 masu ra'ayi irin naka suka yi rinjaye, aka sabunta ginin Friedrich tsakanin 1897 da 1900. Da aka zo kan ginin Ottheinrich, mai bangon da ka ambata, sai masana suka tashi tsaye, a gabansu akwai masanin tarihin gine-gine Georg Dehio. Hujjarsu ita ce babu wanda ya san tabbas yadda rufin yake a dā, duk abin da aka ɗora zai zama ƙirƙirar mai ginin yau da aka jingina wa mutanen jiya, kuma rushewar kanta tarihi ce da ba a da ikon gogewa. Suka ce a tallafi abin da ya rage kada ya ƙara lalacewa, amma kada a ƙaga abin da ya tafi. Ra'ayinsu ya yi nasara, ya kuma zama ginshiƙin aikin adana kayan tarihi a ƙasar. Kangon da ka gani ba sakaci ba ne, ana kashe masa kuɗi kullum domin ya tsaya yadda yake.

Ni ina tare da su. Duk wanda ya san ƙofofin Kano kafin a sake gina wasunsu da siminti ya san cewa sabuwar ƙofa, komai kyanta, ba ta ba ka abin da tsohon bangon ƙasa yake ba ka, domin hannun magabata ba ya jikinta.

Injiniya Baban Sadiƙ

Na fahimci hujjar, Malama, amma ba ta gamsar da ni gaba ɗaya ba, domin garin da kansa bai bi ta ba. A 1693 ba fada kaɗai aka ƙona ba, kusan duk garin ya zama toka, gidan nan mai ado da ake kira Zum Ritter, wanda aka gina a 1592, yana cikin 'yan kaɗan da suka tsira. Abin da ake kira tsohon gari yau an sake gina shi ne a ƙarni na 18 a kan tsofaffin tituna. Ita ma tsohuwar gadar da Sarki Karl Theodor ya gama a 1788, sojojin Jamus ne suka fasa ta a ƙarshen Maris na 1945 suna ja da baya, mutanen gari suka tara kuɗi aka maido da ita a 1947, kuma ban ji wanda ya ce gadar ƙarya ce ba. Ashe ke nan abin da ake bukata ana gyara shi, abin da ba a bukata kuma ya fi jan baƙi a rushe shi ake bari. Ban ce laifi ne ba, amma ina ganin ya kamata Malam ya je da sanin cewa mawaƙa da masu zane na ƙarni na 19 su suka koya wa duniya son wannan kango, kuma garin yana cin abinci da wannan so.

Malama Uwar Ɗalibai

Maganarka ta ƙarshe gaskiya ce. Bambancin da nake gani shi ne gadar an san siffarta dutse bayan dutse, shekara biyu kacal ta yi a karye, rufin fadar kuwa ya shekara fiye da ɗari da ɓacewa kafin a yi tunanin maido da shi.

Alaramma Mazaunin Hamburg

Assalamu alaikum. Ina so in ja hankalin Malam ga abu biyu da ba a taɓo ba. Na farko, cikin abubuwan da tikitin fadar ya ƙunsa akwai wata ƙatuwar gangar giya da aka ƙera a 1751, mai cin lita wajen 220,000, wadda aka yi domin tara harajin ruwan inabi da manoma suke biyan sarki. Ta daɗe ba komai a cikinta, amma a ɗakin da take ana sayar da giya, kuma masu yi wa baƙi jagora sukan daɗe a wurin. Wanda bai so ba yana iya wucewa, ba dole ba ne. A madadinta, cikin fadar dai, akwai gidan tarihin harhaɗa magunguna, da tsofaffin kantuna na katako da kwalabe da turame da ma'aunai, kuma mai lura zai ga sawun likitocin Musulmi na dā a tarihin wannan sana'a. Na biyu, maganar salla, wadda nake fatan ɗan uwanmu da ke zaune a garin zai yi wa Malam bayaninta dalla-dalla, domin lokutan watan Yuni a ƙasar nan suna rikita baƙo.

Ɗan Zazzau a Jamus

Allah ya gafarta Malam, haka ne. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare, isha'i tana kaiwa kusa da tsakar dare, asuba kuma tana yi da wuri ƙwarai. Amfanin wannan ga mai ziyara shi ne yinin yana da tsawo, ana iya komawa masauki a huta da rana a sake fitowa da la'asar sakaliya. A cikin tsohon garin babu masallacin da zan nuna muku, masallatan suna unguwannin da ke wajensa, sai an shiga bas ko jirgin cikin gari. Ku riƙe ƙaramar darduma, a lambun fada ko a filin ciyawar da ke bakin kogi ana samun gefen da ba kowa. Babban masallacin yankin yana Mannheim, an buɗe shi a 1995, tafiyar kusan kwatan awa ce a jirgi.

Akwai wani abu da yake ruɗar baƙi. A garin Schwetzingen, kilomita goma daga nan, cikin lambun fadar bazara ta Karl Theodor, akwai gini mai ƙubba da hasumiya biyu da rubutun Larabci a bango, wanda aka yi a ƙarshen ƙarni na 18. Siffar masallaci gare shi, amma ba don salla aka gina shi ba, ado ne na lambu da nuna sha'awar sarkin ga al'adun Gabas. Ya cancanci gani, kuma lambun shimfiɗaɗɗe ne ba hawa, sai dai kada a je da niyyar samun jam'i.

Abinci ba zai ba ku wahala ba. Akwai gidajen abincin Turkawa da Larabawa da 'yan Pakistan a kewayen Bismarckplatz da hanyar tasha, a tambaya ko naman halal ne. A gidajen abincin Jamusawa a yi hattara, naman alade yana shiga miya da tsiren da suke yi ko da ba a rubuta a sarari ba, wasu kayan zaƙin ma akan sa musu giya.

Baban Khadija

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar Malama ta sa na fara karkata ga kwana. An ce mini akwai wani kurkukun ɗalibai, shin gaskiya ne jami'a tana da gidan yari nata, kuma ana shiga a gani?

Dakta Maman Nana

Gaskiya ne, Malam, yana wani lungu mai suna Augustinergasse a bayan tsohon ginin jami'a. A dā jami'a ita take hukunta ɗalibanta, ba hukumar gari ba, kuma an yi amfani da wannan gida daga 1778 zuwa 1914. Laifuffukan su ne hayaniyar dare, maye, zagin 'yan sanda da faɗan takobi, hukuncin kuma daga yini guda zuwa mako huɗu, amma ana barin ɗalibi ya fita ya halarci darasi ya dawo. Bangon ɗakunan da rufinsu da gefen matakala duk sun cika da sunaye da kwanan wata da zanen fuskokin ɗaliban a gefe, sanye da hulunan ƙungiyoyinsu, na farko da baƙin hayaƙin kyandir aka yi su, daga baya da fenti. Gadajen ƙarfe da teburan da aka sassaƙe da wuƙa suna nan. Matakalar tana da ƙunci da tsayi, gara Hajiya ta jira a ƙasa ko ta shiga babban zauren taro na tsohon ginin, wanda aka ƙawata a 1886 lokacin cikar jami'ar shekara 500.

Amma ni abin da na fi so Malam ya gani a matsayinsa na malami yana kan babban titi, inda dubban mutane suke wucewa ba su waiwaya ba. Akwai mutum-mutumin Robert Bunsen, wanda murhun gas ɗin da ke ɗakin gwaje-gwajen kowace sakandare yake ɗauke da sunansa, a garin nan aka ƙera murhun wajen 1855. A tsallaken titin akwai gidan da abokin aikinsa Gustav Kirchhoff ya yi aiki, da allo a bango. Su biyun suka gano cewa kowane sinadari idan aka ƙona shi yana fitar da haske mai layuka nasa na kansa, ta haka suka gano sababbin sinadarai biyu a 1860 da 1861, ta haka kuma aka fara sanin abin da rana ta ƙunsa ba tare da an je can ba.

Kuma aikin bai tsaya a tarihi ba. A ƙetaren kogi, unguwar Neuenheimer Feld, akwai asibitocin jami'a da cibiyar binciken cutar daji ta Jamus da aka kafa a 1964. Harald zur Hausen, wanda ya shugabance ta shekara ashirin, shi ya tabbatar da cewa ƙwayar cutar HPV ce take haddasa sankarar bakin mahaifa, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Rigakafin da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata a 2023 daga wannan bincike ya samo asali. Babu abin kallo a unguwar sai gine-ginen kankare da kekuna, amma can ne zuciyar jami'ar take bugawa a yau.

Ɗan Damagaram a Berlin

Jama'a, ina jin daɗin wannan muhawara, amma akwai shafin da ba a buɗe ba, kuma bai dace malami ya bar garin bai karanta shi ba. A dandalin jami'a, wurin da ɗalibai suke zama suna shan rana, akwai wani allo da aka dasa a ƙasa, domin a nan aka ƙona littattafai a watan Mayu na 1933, kuma ɗalibai ne suka jagoranci ƙonawar. Tun kafin 'yan Nazi su hau mulki, a 1932, an kori masanin lissafi Emil Gumbel saboda ra'ayinsa na ƙin yaƙi, bayan hawansu kuma aka kori malamai masu yawa saboda su Yahudawa ne ko saboda siyasarsu. Philipp Lenard, wanda ya ci kyautar Nobel a 1905, yana cikin manyan malaman jami'ar da suka goyi bayan wannan zalunci da iliminsu da sunansu. An ƙona wurin ibadar Yahudawa na tsohon gari a Nuwamba 1938, yau fili ne da aka zana iyakar ginin da duwatsu, a Oktoba 1940 kuma aka kwashe Yahudawan garin zuwa sansanin Gurs a Faransa.

Ina faɗar wannan ne domin Heidelberg ta tsira daga ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu, ba kamar Mannheim da Frankfurt ba, sai kyanta ya sa baƙo ya zaci wannan zamani bai taɓa ta ba. Ya taɓa ta, kuma ta ƙofar jami'a ya shiga. A ƙasan fada akwai cibiyar da aka buɗe a 1997 wadda take nuna kisan ƙare dangin da 'yan Nazi suka yi wa al'ummar Sinti da Roma (wasu tsirarun ƙabilu ne na Turai, ba mutanen birnin Roma ba), ba ta da nisa da tashar jirgin dutse. A kan dutsen ƙetaren kogi kuma akwai wani ƙaton filin taro na dutse da 'yan Nazi suka buɗe a 1935. Idan lokaci ya ƙure, allon dandalin jami'a kaɗai minti biyar ne.

Hajiya Maman Faruk

Ni zan yi magana ne a madadin Hajiyar Malam, tunda ciwo ɗaya muke fama da shi. Za a yi ta ce muku ku hau Philosophenweg, hanyar da ke gefen dutsen ƙetaren kogi, wadda daga kanta ake ganin fada da gada da gari a jere. Kyan wurin gaskiya ne, amma siririyar hanyar da take hawa can daga bakin tsohuwar gada matakala ce mai lanƙwasa da tsayi tsakanin bangaye biyu, ko mai lafiya sai ya tsaya ya numfasa. Ta ɓangaren Neuenheim ma farkon hanyar tudu ne sosai. Idan Malam yana so ya hau shi kaɗai da yamma, Hajiya ta zauna a bakin kogi, ko su shiga ɗaya daga cikin jiragen ruwan da suke zagayawa da baƙi, daga kan ruwa ana ganin kusan abin da ake gani daga sama. A sa takalmi mai taushi maras tsini, domin daɓen duwatsun tsohon garin yana cin gwiwa fiye da yadda ake zato.

A bakin kogin ne kuma za ku ga titin da aka sa wa sunan Muhammad Iqbal, mawaƙi kuma masanin falsafa da 'yan Pakistan suke girmamawa, wanda ya zauna a garin a 1907 yana koyon Jamusanci kafin ya karɓi digirinsa na dakta a Munich. Gidan da ya sauka yana ɗaya gefen kogin, da allo a jikinsa.

Alhaji Baban Ikram

Ban ƙi duk abin da aka faɗa ba, amma a bar ni in kawo wani zaɓi. Heidelberg ran Asabar a watan Yuni cunkoso ne, a kan gada sai ka jira kafin ka sami wurin tsayawa, kantunan kusa da coci kuma na tsaraba ne kawai. Wanda yake son ganin garin jami'a yana rayuwarsa ba don baƙi ba, Marburg tana arewa da Frankfurt, tafiyar kusan awa guda ita ma, jami'arta tun 1527, ita ce tsohuwar jami'ar 'yan Furotesta da ta rage a duniya, fadarta kuma a tsaye take da rufinta. Akwai Tübingen ta 1477, sai dai ta fi nisa.

Hajiya Maman Faruk

Alhaji, Marburg gari ne da aka gina a jikin dutse, lungunanta rabi matakala ne, har na'urar ɗaga mutane aka sa daga ƙasan gari zuwa samansa. Ga mai ciwon gwiwa Heidelberg ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin tsohon garinta a kwance yake tsakanin dutse da kogi. Maganin cunkoso kuma shi ne kwana, tunda masu motocin yawo suna watsewa kafin magariba, da safiyar Lahadi kuma garin na mazaunansa ne.

Malama Uwar Ɗalibai

Hajiya ta faɗi abin da nake nufi tun farko. Ga ƙarin abu ɗaya ga Malam da Alaramma. Jami'ar tana da taskar tsofaffin takardun bardi na Masar, wato takardun da ake yi da wani tsiron bakin kogi a zamanin dā, cikinsu akwai na Larabci, har da wasiƙun Ƙurra bin Sharik, gwamnan Masar a zamanin Halifa Walid bin Abdulmalik, waɗanda aka rubuta wajen shekara ta 91 bayan Hijira zuwa ga wani hakimin ƙauye a kan haraji, yana matsa masa ya aiko da kuɗi, yana kuma gargaɗinsa kada ya zalunci talakawa. Wani masani Bajamushe, Carl Heinrich Becker, shi ya buga su a 1906. Suna cikin tsofaffin takardun mulkin Musulunci da suka rage a duniya.

Alaramma Mazaunin Hamburg

Malama, wannan labari ya faranta mini rai. Shin baƙo yana iya zuwa ya gan su da idonsa?

Malama Uwar Ɗalibai

Allah ya gafarta Malam, wurin cibiyar bincike ce, ba gidan tarihin da ake sayen tikiti a shiga ba, kuma a ƙarshen mako ba a aiki. Wanda yake so ya gan su sai ya rubuta wa cibiyar tun da wuri, ya bayyana ko shi wane ne da abin da yake nema, ya nemi rana cikin ranakun aiki. Tunda kai kana ƙasar, wannan ba zai yi maka wuya ba, kuma idan ka sa rana ka sanar da mu a nan, domin na san ɗalibanmu biyu da ke nazarin rubutun Larabci na farko da za su so su bi ka.